Na Shekara Tara Ina Sayar da Waƙa Kafin In Fara Jin Ta

Sana'ata caji da turi. Ina da ɗan shago a Talata Mafara, bakin titin da ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato, kuma tun 2012 nake zama a cikinsa. Kayan ciki ba su da yawa: allon katako mai jerin soket, wayoyin mutane kowace da 'yar lamba manne a bayanta, sai kwamfuta a kan tebur wadda na cika da waƙoƙi da fina-finai da karatun malamai. Mutum zai miƙo memori ko waya ya ce a zuba masa, in zuba, ya biya, ya kama gabansa. Saboda wannan sana'a abokai sukan tambaye ni me nake ji kwanan nan, wane kundi zan ce su nema. Nakan faɗi suna biyu ko uku in yi shiru, domin amsar doguwa ce, kuma daga mahaifina take farawa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne. A zauren gidanmu yake ɗinki, kekensa a bakin ƙofa inda haske yake, rikodarsa mai cin batir shida a kan wani ɗan benci kusa da ƙafarsa. Kaset-kaset ɗinsa cike da kwali biyu, kowane ya rubuta sunan makaɗin da ajami a jikinsa. Da safe Rediyon Kaduna, da hantsi Narambaɗa ko Jankiɗi, in rana ta yi sanyi Shata ko Ɗan Anace. Ni kuwa aikina, in rikoda ta cinye zare, in zaro shi a hankali, in zura biro a ramin kaset in naɗe. Na yi wannan ya fi a ƙirga, amma ban taɓa tsayawa na ji abin da ake faɗa ba. A kunnena a lokacin duk ɗaya suke, tsofaffi suna ta kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa, kiɗa iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ga shuuu ɗin tsohuwar ɗauka. Mu 'yan zamanin waƙar Indiya ne da waƙoƙin fim masu fiyano da ake kawowa daga Kano, su muke haddacewa a hanyar makaranta.

Ya rasu a 2014. Bayan an share makoki Inna ta ce in ɗauki kwalayen in adana. Na ce to, na kai su ɗakin shirgi na tura ƙarƙashin wani tsohon gado, ina ce wa raina ai duk abin da ke ciki ina da shi a kwamfuta, har da wanda ya fi shi fita tas. Damina biyu ta wuce a kansu, rufin ɗakin yana yoyo ban kula ba. Ranar da na jawo su, gindin kwalin a ƙasa ya tsaya. Gara ta gama da takardun, zaren ya manne da juna ya yi fumfuna. Na kwashe a buhu na kai bola. Da na dawo na faɗa wa Inna, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Har da wanda yaɗ ɗauka da hannunai?"

Sai a lokacin na tuna. Akwai kaset guda wanda ba saye ya yi ba. Wani biki aka yi a ƙasar Bakura tun ba a haife ni ba, aka kira Ɗankwairo, Baba ya saɓa rikodarsa ya je ya tsuguna kusa da 'yan amshi ya danna jan maɓalli. A cikin kaset ɗin ana jin guɗar mata, ana jin haniniyar doki can nesa, kuma a wani wuri ana jin muryar Baba kansa, yana saurayi, yana ce wa wasu yara su matsa kada su ture masa rikoda. Duk sanda aka zo wurin yakan ɗaga ƙafa daga kan keke ya yi murmushi. Yau ina da hotonsa biyu, ina da almakashinsa, amma muryarsa da hannuna na kai ta bola. Inna ba ta ƙara tayar da maganar ba. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka ban canja ba. Waƙa a wurina haja ce, da giga nake auna ta. Na san wadda ke tashe, na san wadda 'yan kabu-kabu ke so da wadda ƙawayen amarya ke nema. A 2020, lokacin korona, Jaruma ta Hamisu Breaker nakan tura ta a yini guda har hannuna ya gaji, amma da za ka tsare ni ka ce in faɗi baiti biyu a jere, da na kasa.

Sai ga Satumbar 2021. Wanda ke Zamfara a lokacin ba ya bukatar a tuna masa. Aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako, har da tamu ta ranar Talata, aka hana sayar da fetur a jarka. Mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya hau mota ya nufi Sakkwato. Na ɗauka kasuwata ta mutu, tunda wa zai biya kuɗin cajin wayar da ba ta kira? Ashe waya za ta koma rediyo da fitila. Ba WhatsApp, ba Facebook, dare ya yi tsawo, mutane suka yi ta zuwa a cika musu memori. Allah ya taimake ni ina da faifan sola biyu a kan rufi, da su na riƙe shagon bayan janareta ya kwanta.

A cikin waɗannan kwanaki wani dattijo ya zo. Yana cikin mutanen da suka baro ƙauyukansu a ƙasar Maradun suka zo gari suka raɓe wurin 'yan'uwa. Riga shuɗiya ce a jikinsa wadda ta koɗe a kafaɗa, a hannunsa ɗan MP ja mai eriya, an ɗaure murfin batirinsa da roba. Ya tsaya gefe har layi ya ragu, sannan ya matso.

"Ɗana, akwai Sa'idu Hwaru wurinka?"

"Akwai shi, Baba. Kawo memorin in cika maka."

"A'a, ba cikawa nika so ba. Sa man wadda yay yi ma Sarkin Kudu, in jiya tukuna."

Na ba shi benci, na kunna a sifika, na juya na ci gaba da karɓar wayoyi. Ba a yi minti biyu ba ya ɗaga hannu ya ce in maido ta baya. Na mayar. Ya ce, "Ka jiya abin da yac ce?" Na ce na ji. Ya ce, "To mi yac ce?" Na yi shiru. Ya dube ni, babu faɗa a fuskarsa, ya ce, "Kunnuwanka na nan, ɗana, amma kai ba ka nan."

Ranar bai bar shagon ba sai da aka kira la'asar, kuma waƙa guda muka ji. Ya gaya mini Sarkin Kudun nan shi ne Muhammadu Macciɗo, a nan Mafara ya riƙe sarautar kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Na san Macciɗo, na san ya rasu a haɗarin jirgin sama a Abuja a 2006, amma ban taɓa haɗa shi da muryar da ke fita daga rikodar Baba ba, alhali a garinmu aka yi abin. Dattijon ya nuna mini gindin waƙa, inda 'yan amshi ke komawa kowane lokaci, da ɗiyan da jagora ke jerowa a kai. Ya nuna mini inda ake yabo, da inda aka karkata aka yi wa wani mai neman sarauta zambo ba a kama suna ba, an dai siffanta shi yadda duk wanda ke fada a ranar ya san da wa ake. In aka ambaci gari sai ya ce ya taɓa cin kasuwarsa. In aka ambaci bafade sai ya ce ya san jikokinsa. A wani wuri ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce hanyar can yanzu ba ta biyuwa.

Nan na gane abin da ya kawo shi. Gidansa da gonarsa da kushewar iyayensa suna inda ƙafarsa ba ta iya kai shi. Abin da ya rage masa na ƙasarsa wanda zai iya sawa a aljihu shi ne muryar mutumin Faru, wanda ke kiran kansa Malamin Waƙa, yana jero sunayen da shi ma da su ya tashi. Da zai tafi ya kwance bakin zanen aljihunsa zai biya, na ce ya bari. Ya ce to zai dawo ya biya ni da abin da yake da shi, kuma ya cika alkawari, domin duk Talata sai ya zo.

Shi ya koya mini yadda ake jin waƙar fada, kuma ita ce shawarar farko da nake ba kowa tun kafin in faɗi sunan wani mawaƙi. Kada ka zuba waƙa ɗari a memori ka bar su suna wucewa. Ɗauki guda ka ji ta sau uku. Jin farko ka bar wa kiɗa, ka bi kotson nan mai baki ɗaya da ake kaɗawa da hannu, ka ji yadda muryarsa ke hawa da sauka in an matsa tsarkiya. A na biyu ka bi 'yan amshi kaɗai, ka lura da inda suke karɓe magana daga bakin jagora su ƙarasa masa. A na uku ka bi maganar, in ka haɗu da kalmar da ba ka sani ba ka riƙe ta ka kai wa tsoho.

Da wannan na koma kan foldojin da na shekara tara ina kwafa wa mutane. Wanda ya fi kama ni, har gobe, Ibrahim Narambaɗa ne, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Ɗaukar tsohuwa ce, sai ka kasa kunne sosai, amma in ka jure minti biyar za ka manta da shuuu ɗin. Mai farawa ya fara da Dokin Iska. Doki ake wa waƙa, amma kafin a kai ƙarshe sai ka ji kamar ka san dokin, ka san halinsa a fagen sukuwa, ka san masu jin haushinsa. Daga nan ya wuce Bakandamiyarsa. Narambaɗa ba ya gaggawa. Yakan ajiye magana ya bar ta ta zauna kafin ya ɗora mata wata, kuma Hausarsa irin ta kakanninmu ce, wadda in ka ji sai ka ji kunyar wadda kake yi a kasuwa. Akwai daren da na rufe shago na zauna ni kaɗai na ji waƙarsa ɗaya sau biyar, ina kallon wurin da fitilun caja ke ƙyaftawa, ina tunanin wannan fa ita ce Baba ke ji yana taka keke, ni ina gefensa ina ƙosawa a gama.

Musa Ɗankwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, shi na fi daɗewa ina tsallakewa, saboda dalilin da na faɗa. Da na daure na shiga, sai na tarar da abin da ya sa Baba ya saɓa rikoda ya yi tafiya. Amshi ne. Ban san wata ƙungiya da ke saƙa murya kamar tasa ba. Wani ya ɗauko, wani ya ƙara, sauran su rufe, kamar mata uku masu lugude a turmi ɗaya, ba taɓaryar da ke karo da 'yar'uwarta. A nemi Mai Dubun Nasara da ya yi wa Sardauna, a nemi wadda ya yi wa 'Yandoton Tsafe. Bayansu akwai Salihu Jankiɗi na Rawayya mai taushi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, akwai Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, akwai Sani Sabulu na Kanoma mai faɗa wa duniya halinta da kalangu. In kuwa jikina ya mutu da tsakar rana, waƙar ɗan damben nan Shago ta Ɗan Anace ce ke tayar da ni.

Folda guda ce na daina turawa, ta waƙoƙin ɓarayi. Gambu na Fagada gwanin harshe ne, wannan ba mai musu, kuma shi kansa ya bar irin wannan waƙa kafin ya rasu. Amma a garin da ake kwana da kunne ɗaya, inda maƙwabcinka ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba na iya zama in ji ana yi wa mai ɗaukar na mutane kirari. In yaro ya nema nakan ce ya duba gaba. Na san zai samu a wani shagon. Nawa hannun ne dai na janye.

Abin da ban zata ba shi ne kunnen da dattijon nan ya buɗe mini bai tsaya a kan Hausa ba. Akwai wani direba mutumin Kamba, can iyakar Kebbi da Nijar, mai ɗauko shinkafa da albasa, wanda yakan tsaya caji in ya biyo. Memorinsa ya fara lalacewa, ya ce in kwashe kayan ciki in mayar masa a sabo. Da can ne da na kwafa ban buɗa ba. Wannan karon na buɗa. Sai na ji jita tana tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya, ana ƙwanƙwasa ƙwarya a bayanta, can sai wani abu mai kukan kukuma ya shigo. Na ce wane ne wannan? Ya ce Ali Farka Ture, mutumin Mali. Shi yana tsintar maganar, tunda yana jin Zabarmanci kuma Songai da Ali ke yawan waƙa da shi ɗan'uwansa ne. Ni ko kalma ban ji ba, amma na yi masa jin farko da na biyu yadda aka koya mini, suka ishe ni.

Kundinsa da na fi so shi ne Niafunké na 1999. Sunan garinsu ne, can aka ɗauke shi, a bakin kogin Kwara, kogin nan dai da ya gangaro ya wuce ta Yawuri. Sai Savane da ya fito a 2006, watanni kaɗan bayan rasuwarsa. Wanda kuma barci ke yi wa wuya, irinmu da muka saba farkawa cikin dare in kare ya yi haushi, ya nemi In the Heart of the Moon na 2005, wanda suka yi shi da Tumani Diyabate mai kora, wata babbar garaya ta ƙwarya mai tsarkiya 21. Kusan duk kiɗa ne zalla, mutum biyu suna hira da yatsu. Shi nake sawa ƙasa-ƙasa in na idar da sallar isha'i ina lissafin cinikin yini.

A memorin direban nan na samu Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita da hagu, kuma labarinsa ya shafi sana'ata kai tsaye. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya zo ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan ta na'ura da muka sani a waƙoƙin fim ɗin Hausa. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta bulutut da memori, har ya faɗa hannun masu neman irin wannan kiɗa daga Amurka. Wato irinmu masu turi ne suka ɗauke shi a kafaɗa ba su sani ba, yau ga shi yana zaga duniya. Afrique Victime na 2021 nake kunnawa da safe in na hau goge ƙurar faifan sola. Yana da ƙara, yana da zafi, ba kowa zai so shi ba. Mai son mai sanyi ya nemi Aman Iman na Tinariwen, ƙungiyar Buzayen Mali, na 2007, wanda ma'anar sunansa a Buzanci ruwa shi ne rai.

Matata ce ta haɗa mini Barmani Coge da Umu Sangare ta Mali. Ita mai son Barmani ce tun tana gidansu, takan kunna ta in tana wanki, ƙwarya kife a ruwa, muryar nan ta Funtuwa tana gaya wa mata su kama sana'a. Na kai mata Moussolou, kundin Umu na farko na 1989, ban ce mata komai a kai ba. Ta ji rabi ta ce, "Maigida, wagga ma maganar mata taka yi." Haka ne kuwa. Ma'anar sunan kundin ke nan, mata, kuma auren dole da halin da mata ke ciki take magana a kai. Yadda matata ta gane ba ta jin yaren, har yau yana ba ni mamaki.

Maƙwabcina a jerin shaguna ɗan ƙabilar Ibo ne mai sayar da kayan gyaran babur, ya fi shekara ashirin a Mafara, in ka tambaye shi abu da "awo" yake amsa maka. Shi ya sa mini son Don Williams, Ba'amurken nan mai murya a kwance, wanda in na ji shi nakan tuna Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, su biyun ba sa ɗaga murya kuma ba sa bukata. Shi ya ba ni Osondi Owendi ta Osita Osadebe, ya ce ma'anarta abin da ya yi wa wani daɗi wani haushi yake ba shi. Wata 'yar bautar ƙasa ta bar mini kundin farko na Asa, mawaƙiyar nan ta Najeriya, na 2007, ina kuma jin Prisoner na Lucky Dube na 1989 lokaci-lokaci. Muhammad Wardi na Sudan yana kwanciya a kunnen Bahaushe kamar a gidanmu aka yi shi. Har Indiyan da na tashi da ita na koma mata, sai dai yanzu Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar nake nema, tsofaffin.

Kada wani ya ɗauka na juya wa na zamani baya. Da su nake ciyar da iyalina, kuma akwai waɗanda nake ji don kaina. Nura M. Inuwa yana zama ya zaɓi kalma, waƙarsa tana jure ji na uku. Aminu Ala shi ne a ganina ya fi kusa da tsofaffin wajen Hausa, wanda bai taɓa nutsuwa ya ji Jami'a ba ya je ya ji. Abin da ke damuna da wasu shi ne kiɗa ɗaya a waƙa ashirin, sannan rabin waƙar jerin sunayen waɗanda suka biya. Wani zai ce ai su Narambaɗa ma sunayen iyayen gidansu suke kira. Gaskiya ne, amma in tsohon makaɗi ya kira mutum sai ya ba shi siffa, ya faɗi ubansa da garinsa da abin da ya taɓa yi, har wanda bai san shi ba ya gan shi a tsaye. Shi ya sa bayan shekara sittin dattijo zai iya zama a bencina ya ce ya san jikokin wane.

Na san akwai masu ganin kiɗa baki ɗaya abin gudu ne, wasunsu malamaina ne kuma ina girmama su. Ba na jayayya da kowa a kai. In aka kira salla nakan kashe sifika, in azumi ya kama shagona karatu ne da tafsiri, sai Ishiriniya da Imfirajin Aliyu Namangi, wanda shi ma sai a shekarun nan na zauna na ji abin da makahon Zariya yake faɗa game da mutuwa da kwanciyar kabari, jikina ya yi sanyi.

Dattijon ya ci gaba da zuwa har bayan an buɗe layukan waya. Wata Talata na roƙe shi izini, na ajiye wayata a kan benci tsakaninmu na danna ɗauka, ya yi ta bayanin waƙar Sarkin Kudu yana tsayar da ni yana cewa in maido baya. Minti 19 ne. Ana jin ƙarar babura a ciki, ana jin wani yaro yana tambayar ko wayarsa ta cika. Da kakar 2022 ya ce mini zai leƙa gida ya ga ko an samu abin da za a girbe. Ban ƙara ganinsa ba.

Bayan wata huɗu wani saurayi ya shigo da ɗan MP ja, robar nan tana nan a murfin batir. Tun kafin ya yi magana na gane. Ya ce jikansa ne, tsoho ya rasu a ɗakinsa bayan jinyar kwana uku, an rufe shi kusa da iyayensa. Memorin ne ya daina karantawa, kakarsu ta ce a kawo wa mai cajin Mafara. Na ɗauko sabo na zuba Sa'idu Faru, na sa minti 19 ɗin nan a farko, na kunna na miƙa masa. Da ya ji muryar sai ya zauna a kan bencin, ya kara MP ɗin a kunne da hannu biyu, bai tashi ba sai da ta ƙare.

A daren na shiga ɗakin Inna da wayata. Na ce ina so ta yi mini waƙar da take yi in tana niƙa muna yara, da wadda take rarrashin ƙanena da ita. Ta ce, "Mi za ka yi da muryar tsohuwa?" Na ce ajiyewa zan yi. Ta dube ni ta daɗe, ina jin ta san abin da nake nufi. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta fara. Ta manta wani wuri ta tsaya ta yi dariya, ta koma daga farko. Guda bakwai muka ɗauka a cikin mako biyu. Suna cikin kwamfutar shago, suna cikin wayata, akwai kuma memori guda da na naɗe a leda na sa a akwatin da almakashin Baba yake. Jiya da dare 'yata mai shekara biyar ta ƙi barci, na ce wace za a sa mata, ta ce ta Inna, wadda take dariya a tsakiya.